Takalmin da Yaya Subhi Ya Mayar

Yayana Subhi, wanda mutane suke kira Abu Nadim, ƙafar mutum yake fara kallo kafin fuskarsa. Tun muna yara a garinmu Halab haka yake. Yana ɗan shekara goma babanmu ya kai shi wurin wani baduku a rufaffiyar kasuwa, bai bar rumfar nan ba sai da ta zama tasa, aka koma kiransa Usta kamar yadda ake kiran duk wanda ya gwanance a sana'a. Da hannu yake ɗinka takalmi, da basilla da zaren da ya sha kakin zuma. Ba mai surutu ba ne. Idan ka ba shi labari sai ya riƙa gyaɗa kai yana ɗinki, in ka gama ya ce, "Dunduniyarka ta hagu ta cinye, bar shi nan ka dawo bayan la'asar."

Matarsa ta rasu tun da wuri, ta bar masa ɗa guda, Nadim, bai kuma sake aure ba. A shekara ta uku da fara yaƙi Nadim ya fita da safe bin layin burodi, abin da yake faɗowa daga sama ya faɗo a kan layin. Da Yaya ya isa an riga an jera su an lulluɓe da barguna, ƙafafu kawai ake gani. Bai ɗaga bargon kowa ba. Ya bi layin ƙafafun har ya tsaya a kan ɗinkinsa. A shekarar ne kuma mijina ya rasu, ciwon suga ya ci ƙarfinsa babu magani. Sai muka zama mu biyu, ni da Yaya, don 'yata Sana tana can da mijinta. Muka tsallako iyaka, muka zauna a sansani, daga baya aka ce mana a Konya, wani garin Turkawa, akwai masana'antun takalma, muka taho.

Aikin da Yaya ya samu ba ɗinki ba ne. Yana zaune daga safe zuwa yamma a wani ɗaki marar taga yana shafa gam a tafin takalman roba, wani ya manna, inji ya danne. Duk 'yan wajenmu ne a wurin, Larabci ake yi, shi ya sa ya shekara biyu a garin bai iya kome na Turkanci ba sai gaisuwa da sunan burodi. Warin gam ɗin yana biyo shi gida a jikin rigarsa, da tarin da ya fara tun hunturun farko.

Mun sha yawo kafin mu sami ɗaki. Ana ganin ɗankwalina da jin muryarmu sai a ce an kama. Wanda ya buɗe mana ƙofa wani dattijo ne, Remzi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai gida hawa uku a bayan masallacin unguwa. Shi da matarsa Saniye suna sama, mu ya ba mu ɗakunan ƙasa, waɗanda tagarsu take daidai da titi. In na zauna ina tsince shinkafa ƙafafun mutane nake gani suna wucewa. Yaya ya ce shi kam an kawo shi inda ya dace.

Tawla ce ta haɗa su da Yaya, wani wasa mai kama da dara. Wata Lahadi Remzi ya sauko da akwatin wasan a hammata, ya ajiye a kan kujera a bakin ƙofa, ya nuna wa Yaya wuri da hannu. Sunayen ƙidayar da ake kira in an jefa 'ya'yan wasan ɗaya ne a wajenmu da wajensu, to da su da sallama da "Allahu Akbar" suka yi abota. Ina kai musu shayi ina kallo. Remzi yana magana ba tsayawa, yana dariya, yana buga cinya, Yaya yana gyaɗa kai kamar yadda ya saba a rumfa. Ranar Juma'a tare suke tafiya masallaci, Remzi a gaba da baƙin takalminsa na fata mai igiya, wanda yake tattakawa ta gefe don ƙafarsa ta dama tana da ɗan rauni.

"Takalmin nan yana ba ni tausayi," in ji Yaya. "Fata ce ta gaske, amma ya kashe dunduniyar. Ina jin nauyin in ce ya ba ni, kada ya zaci aiki nake nema."

Da sanyi ya shigo suka koma yin wasan a cikin ɗakinmu, kusa da murhun kwal. A nan Remzi ya ga hoton Nadim a bango. Ya tashi ya duba, ya nuna hoton, ya nuna Yaya. Yaya ya dafa ƙirji ya ce, "Nadim." Remzi ya juya tafin hannu sama, alamar yana ina. Na ga bakin Yaya ya motsa, babu abin da ya fito. Sai Remzi ya taimake shi, ya ambaci Jamus, da yake sunan ƙasar ɗaya ne a bakinmu da nasu, kuma samarinmu da yawa can suka nufa. Yaya ya gyaɗa kai. Ba nufinsa ƙarya ba, kalma ce ya gane a cikin kalmomin da bai gane ba, ya kama ta. Remzi ya ji daɗi, ya dafa kafaɗarsa.

Daga ranar, duk lokacin da suka zauna sai Remzi ya ɗaga gira ya ce, "Nadim, Jamus, lafiya?" Yaya ya ce lafiya. Da farko abin bai wuce haka ba. Amma Remzi yana da ɗa shi ma, Tunjay, yana aiki a Izmir, ba ya zuwa, ba ya kira sai in uwarsa ta neme shi. Ƙaramar Sallah ta zo, tsofaffin biyu suka dawo daga idi suka zauna a bakin ƙofa, yaran unguwa suna wucewa suna sumbatar hannun Remzi suna karɓar alewa. Remzi ya ciro wayarsa ya nuna wa Yaya, ba kira. Ya nuna aljihun Yaya, ya kai hannu kunne, ya tambaya da ido. Yaya ya girgiza kai. Remzi ya jera yatsu biyu, ya ce, "Tunjay, Nadim," ya yarfe hannun kamar mai zubar da ruwan wanki, ya yi tsaki.

Yaya bai ci abincin Sallar nan ba. Ya zauna yana kallon hoton.

"Ummu Sana," ya ce da ni, "yaron da bai taɓa cin abinci ba sai na fara sa hannu. Yaron da ya hana ni fita ran nan ya ce ƙafata tana ciwo, shi zai je. Yau ga shi an jera shi da marasa albarka, kuma ni na jera shi."

"To ka gaya masa mana, Yaya. Mu kira Fawwaz ya fassara, magana ce ta minti ɗaya."

Fawwaz ɗan garinmu ne mai kantin kayan masarufi a kan kwana, ya riga mu zuwa da daɗewa, bakinsa ya iya yaren.

"Fawwaz zai ƙara gishiri, ya ƙara barkono, ya yi kuka a madadina. Ni na ɗauki yaron nan zuwa kabari da hannuna, ni kuma zan ɗauki labarinsa zuwa kunnen mutumin nan. Ba zan ba wani dako ba."

Haka ya shiga ajin manya na koyon Turkanci da hukuma ta buɗe a makarantar unguwa, Asabar da Lahadi da safe. Yana da shekara sittin da wani abu, karatunsa na allo ne da 'yan shekarun firamare. Ya sayi fensir da gilashin karatu a kasuwar ranar Talata. Da Fawwaz ya gan shi da littafi a hammata sai ya fito har bakin kanti.

"Abu Nadim, ina zuwa haka? Jami'a?"

"Sai ka tambaya?"

"Kai da ƙafa ɗaya tana kabari. Mala'ikun tambaya da Larabci za su zo maka, ba da Turkanci ba. Ka dawo in ba ka bashin shayi ka huta."

"Kai da ka iya yaren, me ka taɓa faɗa da shi banda farashin ƙwai?"

Karatun bai zo masa da sauƙi ba. Ya saba rubutu daga dama, nan kuwa daga hagu ake farawa, hannunsa yana ta komawa tsohuwar hanya. Akwai sautukan da sai an tsuke baki kamar mai hura wuta, yana yi 'yan matan ajin suna ɓoye fuska a mayafi. Malamar yarinya ce sa'ar Sana, mai haƙuri, tana kiransa Baffa. Ta koya musu kwanakin mako, da launuka, da yadda ake tambayar hanyar asibiti, da yadda mutum zai ce yana son zuwa sinima.

"Yau mun sayi tumatir," yakan ce in ya dawo. "Makon jiya mun hau bas. Duk mutanen littafin nan lafiyarsu ƙalau, Ummu Sana, babu wanda ya taɓa mutuwa a ciki."

Ya ji kunyar tambaya a gaban aji. Sai da hunturu ya wuce, rani ya wuce, sannan wata rana ya jira kowa ya fita, ya gaya wa malamar abin da yake so, rabi da baki rabi da hannu. Ya ce mini sai ta cire gilashinta, sannan ta faɗa masa a hankali, yana maimaitawa har ya zauna masa. Bai yarda ta rubuta ba. Ya ce ba zai tsaya gaban abokinsa yana karanta mutuwar ɗansa daga takarda ba.

Daga nan gidanmu ya cika da jimlolin nan. Yana alwala yana yi, yana ɗaure igiyar takalmi yana yi. Ga abin da suke nufi, kamar yadda yake faɗarsu, guntu-guntu:

"Remzi, ɗan'uwana. Ni na yi kuskure. Nadim ba ya Jamus. Nadim ya mutu. Ya je sayen burodi saboda ni. Nadim ɗa ne nagari. Ka yafe mini."

Ni da ban taɓa shiga ajin ba sai da na haddace su kamar karatun sallah. Sau da yawa ya zauna gaban allon tawla da niyyar faɗa, sai Remzi ya jefa 'ya'yan wasa ya yi dariya, Yaya ya ce bari wasan ya ƙare. In ya ƙare kuma a kira sallah.

"Bakina bai nuna ba tukuna," yake ce mini. "In na faɗa ya tambaye ni wani abu, me zan ce?"

"Ka ce abin da Allah ya sa a bakinka."

A ƙarshen kaka Sana ta haihu a garin Mersin, inda ita da mijinta suka sauka bayan sun tsallako. Muka nemi takardar izinin tafiya, aka ba mu. Ranar da za mu tafi Remzi ya rako mu har bakin titi yana tari, ya cusa wa Yaya ledar busasshen inabi. A mota Yaya ya ce, "Ina dawowa zan gaya masa. Na rantse, ko ruwa ba zan sha ba sai na faɗa."

Mun yi 'yan kwanaki muka dawo da hantsi, ana yayyafi mai sanyi. A bakin ƙofar gida, ta waje, a kan dakalin siminti, ga baƙin takalmin Remzi an ajiye a jere, bakinsa yana kallon titi. Ruwa ya taru a ciki.

Yaya ya sunkuya ya ɗauka, ya zazzage ruwan.

"Kin gani? Ya gaji da shi ya fitar. Ko kuwa ni ya ajiye wa, don ya san ta nan zan wuce, shi ma yana jin nauyin tambaya." Fuskarsa ta washe yadda na daɗe ban gani ba. "Zan gyara, in kai masa, in faɗa masa a lokaci ɗaya. Ba zan shiga hannu wofi ba."

A cikin zauren benen na ji ƙamshin gari da ake toyawa a man shanu da sukari. Na kuma lura rediyon Remzi, wanda kullum ake jiyowa daga sama, shiru yake. Na ga waɗannan abubuwa duka amma ban san karatunsu ba. A wajenmu in an yi rasuwa kujeru ake jerawa a waje, a liƙa sanarwa a bango, a dafa kofi marar sukari, ƙamshinsa kaɗai ya isa ya gaya maka. Nan ba kujera, ba kofi.

Yaya ya fito da kayan aikinsa da ya ɗauko tun daga Halab a cikin tsohuwar safa. Ya cusa wa takalmin jarida ya ajiye nesa kaɗan da murhu har ya sha iska. Ya ɓamɓare dunduniyar, ya yanko sabuwa daga fatar da ya daɗe yana ɓoyo, ya ɗan ƙara wa ta dama tudu ta gefen da Remzi yake tattakawa. Ya ɗinke inda ya buɗe, ya sa mai, ya goge har ina ganin taga a jikinsa. Duk yinin nan yana aiki yana maimaita jimlolinsa, bai yi tari ba ko sau ɗaya. Bayan la'asar ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce in rako shi, in kai wa Saniye lemon zaƙin da muka zo da shi.

A bakin ƙofarsu ta sama takalman mata ne birjik har kan matakala. Bai ba mu mamaki ba, don Saniye takan tara ƙawayenta shan shayi duk wata. Yaya ya ƙwanƙwasa, ya riƙe takalmin da hannu biyu a gaban ƙirjinsa, yana murmushi.

Saniye ce ta buɗe, da farin mayafi, idanunta sun kumbura. Ta kalli takalmin. Ba ta yi ihu ba, baya ta ja har ta jingina da bango, ta toshe baki. A bayanta na hango mata zaune a ƙasa da Alƙur'ani a hannu, karatun ya tsaya. Wata tsohuwa ta miƙe tana kaɗa hannu tana korar takalmin kamar ana korar kaza.

Yaya ya rikice, sai ya kama abin da ya iya. Ya ce, "Remzi, ɗan'uwana…" yana leƙen bayanta.

Saniye ta sauke hannu ta faɗi kalma biyu. Ta farko sunan mijinta. Ta biyu ita ce wadda Yaya ya yi watanni yana gogewa a bakinsa saboda Nadim. Ni ma na gane ta. Daga baya ya ce mini wannan ce magana ta farko da Baturke ya yi masa ya fahimta ba tare da an maimaita ba.

Sai wani mutum mai ƙiba ya fito daga ɗakin ciki, Tunjay ke nan, ranar muka fara ganinsa. Ya fizge takalmin daga hannun Yaya, ya wurga shi ƙasan bene, yana faɗa da ƙarfi. Muka ji ƙafa ɗaya tana gangarawa matakala bayan matakala. Yaya ya juya ya bi ta, ya tsince su duka biyun, ya goge da hannun rigarsa. Lemon yana hannuna har muka shiga ɗaki.

Fawwaz ne ya zo ya warware mana. Ya shigo ba wasa a bakinsa, ya zauna a bakin katifa. Ya ce washegarin tafiyarmu zuciyar Remzi ta tsaya, an yi masa sallah, an kai shi ƙauyensu an binne.

"Abu Nadim, su haka suke yi. In mutum ya rasu sai a fitar da takalminsa ƙofar gida, bakinsa yana kallon waje, a bari wani mabuƙaci ya ɗauka. Sadaka ce. Tsofaffinsu kuma suna cewa in takalmin ya tafi, mutuwa ta tafi ke nan daga gidan. Ba a mayar da shi ciki. Ko kusa ba a yi."

"Ni kuma na gyara mata dunduniya na hau da ita hawa uku," in ji Yaya.

"Da ka biyo ta kanti ai da na gaya maka."

"Da na biyo."

Ba a yi mako ba Tunjay ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce zai sayar da gidan, mu nemi wuri kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Na san ko ba takalmi zai faɗi haka, amma takalmin ya sauƙaƙa masa. A unguwa mata suka daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Yaya ya daina zuwa aji. Takalmin yana nan a bayan ƙofarmu cikin leda, ba mu san yadda za mu yi da shi ba, mayarwa waje ya zama kamar raini, riƙewa kuma kamar sata.

Ana gobe za mu tashi, da rana, Saniye ta sauko tana dafa bango. Ta zauna a kan ƙullin kayanmu, ta ƙi kujera. Ta ce a kawo takalmin. Ta juya shi, ta shafa sabuwar dunduniyar da babban yatsa, ta gane tudun da aka ƙara wa ta dama. Ta yi magana a hankali yadda ake yi wa yaro. Rabi Yaya ya gane a lokacin, sauran ita ta maimaita mini daga baya da kunnena ya buɗe.

"Usta, shekara da shekaru ina ce masa ya kai gyara. Wanda ya fara ɗauka shi ne mai shi. Kai ka ɗauka. Sa a ƙafarka."

Mutumin da ya yi wa rabin kasuwa takalmi, yau shi ne mabuƙacin da ake ba na mamaci. Na ga abin ya wuce ta fuskarsa. Ya sunkuya ya sa. Ya yi masa yawa kaɗan.

Sai ya miƙe tsaye, ya fuskance ta, ya faɗi jimlolinsa tun daga farko, bai canza ko sunan Remzi ba. Da ya kai wurin burodi Saniye ta juya ta kalli bango inda hoton yake a da, ƙusa kawai ta rage.

"Wayyo Usta," ta ce. "Shi kuwa kullum in ya hau sama sai ya ce mini, ni da mutumin nan ciwonmu ɗaya, mun haifi 'ya'ya sun manta da mu. Shi ya sa yake son zama da kai. Har cewa yake in yaron ya zo zai ja masa kunne."

Yaya ya sa ta maimaita. Da ya gane sai ya zauna.

"Ya tafi da haka," ya ce da ni da Larabci. "Ya tafi yana ganin Nadim marar albarka ne."

Saniye ta ce ranar jajibirin Sallah suna zuwa ƙauye ziyarar kabari, za ta gaya wa Remzi a can. Yaya ya girgiza kai, ya dafa ƙirji, ya ce da yarensu, "Ni." Ta ce to, in hanya ta buɗe da bazara, mijin ƙanwarta yana da mota, za a zo a ɗauke shi.

Muka koma wani ɗaki a bayan masana'antu, inda bango yake tsatsafo da ruwa. Yaya ya koma aji a wata makaranta, ya ce yanzu akwai ƙarin abin da zai faɗa, yana so ya gaya wa Remzi yadda aka yi da takalmin. Da shi yake zuwa ko'ina, ya cusa auduga a bakin takalmin. Tudun da ya ƙara wa ƙafar dama ya sa tafiyarsa ta karkace, daga nesa sai ka ce Remzi ne. Na ce ya cire, ya ce ba nasa ba ne da zai sake masa fasali.

Hunturun nan ya yi tsanani. Tarin ya sauka ƙirji, aka kwantar da shi, aka sallame shi, aka sake kwantar da shi. Ya rasu da hantsin wata Laraba, sauran kaɗan dusar ƙanƙara ta narke. Fawwaz ya je ya gaya wa liman, aka yi sanarwa a lasifikar masallaci da yarensu, na ji sunan Yaya da na babanmu a tsakiyar maganar, an lanƙwasa su yadda ban saba ji ba. Abokan aikinsa suka zo, da Fawwaz, da wasu tsofaffi uku da suka tarar da gawa a masallaci suka bi don lada. Allah ya ji ƙansa, ya haɗa shi da ɗansa.

Da aka fita da shi na ɗauki takalmin na goge, na ajiye a ƙofar gida, bakinsa yana kallon titi. Na san ba ya cikin abin da aka wajabta mana, amma sadaka ce, kuma ta hanyar da ya shigo ya kamata ya fita. Na zauna a taga. Mutane suna wucewa suna kauce masa, wasu suna motsa baki da addu'a, sun san karatunsa. Wajen azahar wani mai tura keken tara kwali ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya gwada a ƙafarsa, ya sa cikin buhu ya wuce.

Ranar jajibirin Sallah mota ta tsaya a ƙofarmu. Saniye ba ta sami labari ba, ta zo ɗaukar Yaya kamar yadda ta yi alkawari. Na gaya mata da 'yar kalmar nan da dukanmu muka sani. Muka zauna a bakin gado muka yi kuka, mijin ƙanwarta yana jira a waje. Sannan na ɗauki mayafina na ce mu je.

Ƙauyen yana can cikin fili, iska tana kaɗawa, alkama ta fara tsiro. Mutane sun cika maƙabarta da butocin ruwa suna zuba wa kaburbura. Saniye ta cire ciyawa a kan na mijinta, ta zuba ruwa, muka yi sallama, muka karanta abin da ya sauwaƙa. Sai ta ja baya ta bar ni.

Yaya ya ce ba zai ba kowa dakon maganar nan ba, ban kuma sani ba ko zai yarda da ni. Ban san abin da na cikin kabari yake ji da wanda ba ya ji ba, wannan sanin na Allah ne. Amma babu wanda ya rage da ya haddace ta sai ni. Na tsaya ta wajen kai na faɗe ta yadda na ji ta daga bakinsa, da kurakuransa duka, don ban san inda suke ba balle in gyara. Wata mata a kabarin gefe ta daina zuba ruwa tana kallona. Da na kai "Nadim ɗa ne nagari" na sake faɗa da ƙarfi kaɗan, saboda iska.

A hanyar dawowa Saniye ta tambaye ni ko zan shiga ajin nan. Na ce ban sani ba tukuna. Littafin Yaya da gilashinsa suna nan a kan taga, ban ba kowa ba.